ZARE: Freiburg ɗin da kuke ta yaɗa bidiyonsa, a nan nake karatu. Ku zo mu yi magana

Sau huɗu ke nan a satin nan ana turo min bidiyon nan na "garin Jamus da babu mota, babu shara, babu hayaƙi". Na ƙarshe ɗan ƙanin babanmu ne ya jefo shi a guruf ɗin gida, ya rubuta a ƙasa: "Su Turawa tsafta a jininsu take, mu kam sai dai Allah Ya shirya." Har da kiran sunana, wai Yaya zo ka ba da shaida.

To zan ba da shaidar, amma ba irin wadda yake so ba. Shekarata ta uku ke nan ina digirin farko a Freiburg, fannin kimiyyar muhalli. Zaren da tsawo fa, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye sai dare. 🧵

Garin yana kudu maso yammacin Jamus, a gindin dajin da suke kira Schwarzwald, wato Baƙin Daji, dab da iyakar Faransa da Suwizalan. Mutanensa dubu 230 da 'yan kai. Ƙaramar hukumar Dala ita kaɗai ta fi shi jama'a. Ku riƙe wannan kafin a fara kwatanta shi da Kano.

Bari in fara da abin da yake gaskiya, kar a ce hassada ce. Tun 1973 aka hana motoci shiga tsakiyar tsohon garin. Taragon lantarki yana ratsa unguwanni. A gefen tituna akwai 'yan magudanan ruwa da suke kira Bächle, ruwa garai-garai, yara na jan jirgin katako a ciki. Ranar da na fara gani na tsaya ina jiran leda ta biyo ruwan. Har na gaji ba ta zo ba.

Ƙidayar da aka yi a 2016 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na zirga-zirgar cikin gari da keke ake yin ta. Farfesanmu da keke yake zuwa aji, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe. Akwai wata shuɗiyar gada kusa da tashar jirgi da aka kafa mata na'ura mai ƙirga kekuna, kana wucewa lamba na ƙaruwa. Duk wannan na gani da idona, ban musa ba.

Maganar "a jininsu take" ce ta hana ni barci. Wane jini? A farkon shekarun 1980 bishiyoyin Baƙin Dajin nan mutuwa suke ta yi saboda hayaƙin masana'antu da ke dawowa cikin ruwan sama. A Nuwamban 1986 gobara ta tashi a rumbun sinadarai na kamfanin Sandoz kusa da Basel, gubar ta kwarara cikin kogin Rhine, ruwan ya koma ja, kifaye suka mutu tsawon ɗaruruwan kilomita. Nan kusa da mu ne, kuma iyayen 'yan ajinmu sun gani.

Ko a yau, ka zo bakin kogin Dreisam da asubar Lahadi lokacin zafi, kafin ma'aikatan shara su iso. Kwalabe, kwalin fiza, guntun sigari, gawayin gashi. Bambancin kawai, ƙarfe bakwai na safe an kwashe, don akwai waɗanda ake biya albashi su kwashe, kuma albashin yana zuwa. Mai bidiyo ƙarfe goma yake fitowa.

Yanzu ku ji yadda aka yi garin ya samu wannan suna, don a bidiyon ba a faɗa ba. Rigima ce ta haife shi.

Gwamnatin jiha ta yanke shawarar gina tashar nukiliya a Wyhl, wani ƙauye a bakin Rhine, tafiyar kusan rabin awa a mota daga nan. Manoman inabi na yankin suka ce ba su yarda ba, suna tsoron tururin tashar zai kawo hazo ya lalata musu amfanin gona. Waɗannan fa ba 'yan tawaye ba ne, dattawan ƙauye ne masu zuwa coci, da yawansu ma jam'iyyar gwamnatin suke zaɓa.

A Fabrairun 1975 da aka fara share filin, sai suka je suka zauna a kai. 'Yan sanda suka zo da motar feshin ruwa suka kwashe su, aka nuna a talabijin ana jan manoma da matansu cikin taɓo. Bayan 'yan kwanaki mutum kusan dubu 28 suka dawo, har da ɗaliban jami'ar Freiburg. Wannan karon ba a iya korar su ba.

Watanni suka yi a dajin. Suka gina rumfar katako, suna gayyato masana suna yi musu lacca kan makamashi, manomi da ɗalibi a benci ɗaya. Gwamnan jihar na lokacin, Hans Filbinger, ya yi barazanar in ba a gina tashar ba wuta za ta fara ɗaukewa kafin shekarun 1970 su ƙare. Ba a gina ba, wutar kuma ba ta ɗauke ba. Filin yanzu gandun daji ne da doka ta kare.

Daga wannan zaman dirshan ɗin komai ya biyo baya. Waɗanda suka ce a'a sai aka tambaye su, to da me za mu kunna fitila? Dole suka nemo amsa. A 1977 aka kafa Öko-Institut a garin. A 1981 aka buɗe cibiyar binciken makamashin rana ta Fraunhofer, wadda yau tana cikin mafiya girma a Turai. A 1984 aka fito da katin wata mai rahusa na shiga bas da tarago. A 1986, bayan hatsarin Chernobyl, majalisar gari ta yanke shawarar rabuwa da wutar nukiliya.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai da aka yi cacar baki a majalisa, aka kaɗa ƙuri'a, wani ya faɗi wani ya ci. In ka ce min jini ne, ka share aikin dattijuwar da aka ja cikin taɓo a Wyhl. Kuma ka ba kanka uzurin kwanciya, tunda ai jini ba a canza shi.

To mu zo kan unguwar da ke cikin bidiyon. Sunanta Vauban, ana faɗinsa kamar "Woban". Ba ita ce garin ba, unguwa ɗaya ce mai mutum kusan 5,500. Barikin sojojin Faransa ce a da, suka tashi a 1992. Ɗalibai da masu fafutuka suka matsa lamba aka bar wasu gine-ginen barikin, sauran filin aka yanka aka sayar wa ƙungiyoyin iyalai suka gina gidajensu tare.

Kyau kam akwai shi. Tarago na tafiya kan ciyawa, rufin gidaje duk allunan sola, wasu gidajen a shekara wutar da suke samarwa ta fi wadda suke sha. Yara na wasa a tsakiyar titi. Na je na zaga sau da yawa, kuma duk zuwa sai na ji ina ma a ce.

Amma "babu mota" ƙarya ce. Ana iya mallakar mota a Vauban. Abin da aka hana a yawancin layukan shi ne ka ajiye ta a ƙofar gidanka. Sai ka sayi gurbi a babban garejin da ke bakin unguwa, kuɗinsa ya haura Yuro dubu goma nesa ba kusa ba. Wato mai kuɗi yana da motarsa, an dai ɓoye ta inda kyamara ba ta kaiwa.

Sai tambayar da ba wanda ya yi a ƙasan bidiyon: su wa ke zaune a ciki? Akasari 'yan boko ne masu albashi mai kauri. Malaman jami'a, likitoci, masu zanen gine-gine. Da farko an tsara a ware kaso mai tsoka na gidajen masu ƙaramin ƙarfi, da tallafin gwamnati ya ragu sai kason ya tsuke. Wadda ke goge benen gidajen ba a nan take kwana ba.

Na san haka don ni ma ba a garin nake kwana ba. 😅 Da na zo, wata huɗu na yi ina neman ɗaki. Ɗaki ɗaya fa, a gidan da za ku raba kicin da banɗaki da wasu. Akwai ranar da na je duba wani, na tarar da layi tun daga matakala, kowa riƙe da takardunsa kamar masu neman aikin kwastan. Saƙonni na tura ba adadi, yawanci ko amsa babu.

Ƙarshe a wani ƙauye na samu, sai na hau jirgi kullum. Ranar da jirgin ya makara, laccar ƙarfe takwas ta wuce ni. Freiburg na cikin garuruwan Jamus da haya ta fi cinye albashin mutane, wannan ba sirri ba ne, su kansu 'yan garin kullum shi ne ƙorafinsu.

A gidan abincin da nake wanke-wanke da yamma akwai wata mata, ta haifi kamata, Anti nake ce mata. Da asuba tana share ofisoshi, da dare tana tare da mu. Daga wani ƙauye mai nisa take zuwa da tsohuwar motarta mai shan dizal, don a lokacin da take fitowa bas bai fara aiki ba. Haya ce ta kore ta daga garin.

Ranar nan take ba ni labari wai wani mai keke ya tsaya a danja yana yi mata wa'azi kan hayaƙin motarta. Ta ce min, "Shi daga gadonsa zuwa ofis minti goma ne. Ya ba ni ɗakinsa in ba shi motar." Na yi dariya, amma maganar ta zauna min. Hawa keke zuwa aiki gata ne na wanda ya iya biyan hayar kusa da aikin.

Kuma ku lura da wannan dabarar lissafin. Waccan ƙidayar ta kashi ɗaya cikin uku, ta zirga-zirgar cikin gari ce. Dubban mutane irin Anti da ke shigowa kullum daga ƙauyuka, tafiyarsu wani lissafi ne daban. Gari ya yi tsada, talaka ya fita, sai alƙaluman gari su ƙara kyau. Mai shara ya tura dattin bayan ƙofa ya ce ɗaki ya share.

A 2002 garin ya zaɓi Dieter Salomon na jam'iyyar masu rajin kare muhalli a matsayin magajin gari, karon farko da jam'iyyar ta samu irin wannan kujera a babban gari a Jamus. Duniya ta tafa. Bayan shekara huɗu, wannan magajin garin ya kawo shawarar a sayar da gidajen haya na gwamnatin gari, kusan dubu takwas, don a biya bashi.

Su wa ke cikin gidajen? Masu ƙaramin ƙarfi, tsofaffi, baƙi. Mutane suka tara sa hannu suka tilasta a yi ƙuri'ar raba gardama a Nuwamban 2006, kusan kashi 70 cikin 100 suka ce a'a. Da sun yi shiru suna cewa ai shugabanmu ɗan kare muhalli ne, da tuni an sayar da rufin kansu. A 2018 Salomon ya faɗi zaɓe, kuma maganar gidaje na cikin abin da ya kayar da shi.

Wani abin ma sai ka yi dariyar takaici. A bakin shiga Vauban akwai wasu matasa da suka kafa sansani suna zaune cikin tsofaffin motoci da akwatunan katako, ana kiransu Kommando Rhino. A 2011 'yan sanda suka tashe su. A filin aka gina otal, aka raɗa masa suna Green City Hotel. Don adalci, otal ɗin yana ɗaukar masu buƙata ta musamman aiki, wannan abin yabo ne. Amma dai kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Don "Green City" ɗin nan yanzu tambari ne na talla. An kai Vauban baje kolin duniya na Shanghai a 2010. Tawaga-tawaga suke zuwa daga ƙasashe, a zaga da su, su ɗau hoto a gaban allunan sola, su koma. Ban taɓa ganin an tsaya da su a bakin B31 ba.

B31 babbar hanya ce da ta ratsa ta cikin garin, a gefen kogin Dreisam. Tireloli ne dare da rana, masu tahowa daga ɓangaren Faransa suna haurawa Baƙin Daji. Shekaru aka yi ma'aunin iska da ke wannan titin yana nuna gurɓata sama da abin da doka ta yarda. An daɗe ana maganar haƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa, har yau mutanen layin da ƙarar tirela suke barci. Mintuna kaɗan ne a keke daga inda aka ɗauki bidiyonku.

Masu mota kuma ba su miƙa wuya ba. Da majalisar gari ta ƙara kuɗin ajiye mota a titin unguwa daga Yuro 30 a shekara zuwa kimanin 360, kotu aka je, kuma a 2023 babbar kotun da ke Leipzig ta soke tsarin. Har yanzu kokawa ake, kullum.

Yanzu inda abin ya taɓo mu kai tsaye. Duk wanda ya zauna a Jamus ya san 'yan katunan nan da ake soke wa a gilashin tsofaffin motoci: muna sayen motarka, ko ta lalace, kuɗi hannu. A 2010 Freiburg ta kafa yankin da aka hana mota mai yawan hayaƙi shiga, haka ma garuruwa da yawa a ƙasar.

Ina kuke zaton irin waɗannan motocin suke ƙarewa? Wasu gabashin Turai, wasu a loda su a jirgin ruwa daga Hamburg ko Antwerp, sai Kwatano da Legas. Mu ne muke zuwa mu saya, mu ce "Beljiyam ce, ba a taɓa hawa a Najeriya ba", a yi mana Allah Ya sanya alheri. Hayaƙin da aka ce ya yi wa huhun ɗan Jamus yawa, shi ɗan sahu da mai talla suke shaƙa a danjar Kano.

In kuma ana maganar ɗumamar duniya ne, a duba lissafin kowane mutum. Ɗan Jamus a shekara yana fitar da iskar kabon tan 7 zuwa 8. Ɗan Najeriya bai kai tan 1 ba. Ɗan Nijar ko kusa da na Najeriya bai kai ba. Ko da ɗan Freiburg ya fi sauran 'yan ƙasarsa kiyayewa, bai kusa saukowa inda kakarmu take ba.

'Yan ajinmu akwai masu harara in ka jefa kwalin madara a kwandon da ba nasa ba. Hutu na zuwa sai filin jirgin Basel, tikiti mai arha, sai Sifaniya ko Girka. Ba na jin haushinsu, abokaina ne, wasunsu ma sun daina hawa jirgin sama gaba ɗaya kuma ina girmama su. Amma kakarmu da ba ta taɓa jefar da galan ba sai ya zama bokiti, bokitin ya zama tukunyar shuka, ita ce za a ce ba ta da wayewar muhalli?

Kar wani ya juya min magana. Ban ce kwatocinmu da suka toshe da ledar fiya wata laifin Bature ba ne. Namu ne, mu muka zuba, kuma damina na zuwa ta tona mana asiri. Abin da nake cewa, tsaftar titi daban, nauyin da kake ɗora wa duniya daban. Bidiyon ya cakuɗa su, ku kuma kuka haɗiye.

Af, har bola jari akwai a nan. Robar ruwa ko gwangwanin lemo in ka mayar kanti ana ba ka santi 25. Da dare za ka ga dattijo da tocila yana leƙa kwandunan shara yana tsinto su. Masu kirki sukan ajiye kwalbar a gefen kwandon don kar ya sa hannu cikin datti. Shi ma yana cikin dalilin da titin ke da tsafta, kuma shi ma ba ya cikin bidiyon.

Rigimar da ake ciki yanzu ta fi duk waɗannan wuya, kuma ni kaina na rasa ɓangaren da zan tsaya cak. Garin na gina sabuwar unguwa, Dietenbach, don mutum kusan dubu 16, a kan gonaki. Manoma suka ce ƙasar nomansu ce. Masu neman gida suka ce a ina za mu kwana? Aka yi ƙuri'a a Fabrairun 2019, kusan kashi 60 suka ce a gina.

Wasu matasa suka hau bishiyoyin wani ɗan kurmi da aikin zai ci, suka kafa bukkoki a sama don kar a sare. Dukkan ɓangarorin biyu da sunan kare muhalli suke magana. A ajinmu an kusa ba hammata iska a kan wannan. Ni da na yi wata huɗu ina neman ɗaki, zuciyata ta karkata ga a gina, musamman da aka yi alkawarin rabin gidajen za su zama na haya mai tallafi. Amma Vauban ma da alkawari aka fara, shi ya sa nake zuba ido.

Abin da nake tsoro shi ne wanda zai kwafi hoton ya bar tarihin. Mun san yadda ake "ƙawata gari" a wurinmu: a tashi masu kayan miya, a rushe rumfar mai shayi, a shafa wa dakalin titi fenti, a dasa bishiya a gaban kyamara ba mai ba ta ruwa. In irin wannan shugaban ya ga bidiyon nan, fulawoyi zai gani. Ba zai ga ƙuri'ar 2006 ba, inda talakawa suka taka wa magajin gari burki kuma dole ya bi.

Ɗan ƙanin babanmu ya sake rubutowa yanzu, wai to Yaya duk da haka ai gara can. Ƙanina, ban ce ba daɗi ba, hangen Dala dai ba shiga birni ba ne. Ka gama sakandare lafiya, in Allah Ya kawo ka zan kai ka Vauban ka ɗau hotonka. Daga nan mu hau keke mu je bakin B31 mu tsaya minti goma, sannan mu ruga tasha, don jirgin ƙauyenmu in ya wuce sai bayan rabin awa.